Wanda Ya Wanke Gawar

Asuba ba ta gama yi ba muka bar Minna, ni da dattijon ikilisiyarmu da matar marigayi, goye da jaririnta. Marigayin Bagwari ne, leburan jirgin ƙasa, ɗan'uwanmu cikin Almasihu. Zazzaɓi ya ɗauke shi, mu kuma saboda zafin bazara muka binne shi a gari, ba mu jira kowa ba. Sai daga baya matar ta ce a wurinsu ba a binne ɗa a bayan idon ubansa. In tsohon bai yafe ba, ita da jaririn ba su da gidan komawa.

Motar da muka hau ta kai mu rabin hanyar ƙauyen tsohon da ke wajen Kuta ta ce ta gaji. Sauran a ƙafa muka yi. Muka yi ta wuce matan Gwari da itace a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka. Doya kuwa araha kamar kyauta. An gasa mana, amma ban ci ba. Ni tela ne, Bakano, ban taɓa shiga ƙauyen Gwari ba, kuma tsoro nake ji ƙwarai.

Ƙauyen yana gindin dutse. Ba wanda ya ce mana sannu, ba wanda ya kawo ruwa. Maza suka zauna kewaye da mu, wasu da kwari da baka a kan gwiwa. Dattijo ya yi bayani, matar tana fassarawa. Uban marigayin bai ko dube ta ba. Can ya yi magana da 'yar Hausarsa.

"Wane ne ya wanke yaro na?"

Na ce a raina mai laifi ake nema. Dattijo ya buɗe baki zai ce aikin ikilisiya ne, sai na riga shi.

"Ni ne, baba."

"Kai Hausa ne. Hausa ba ya shan ruwa a kwarya namu."

"Ɗan'uwana ne, baba. Ubangijinmu ɗaya."

Ya taso ya damƙi hannuwana, ya juya su, ya daɗe yana kallo.

"Ka wanke masa bayan kunne? Tun yana karami ba ya so."

Na ce na wanke. Tsohon ya zauna a ƙasa ya yi kuka, ni ma na yi. Da ya share ido ya miƙa hannu aka kwanto masa jikansa. Aka kawo ruwa a ƙwarya, na shanye tas.

Mu biyu muka dawo Minna washegari, ƙafata duk ta kumbura. Tun daga gida nake jera ayoyin da zan kare kaina da su, ba a tambaye ni ko ɗaya ba. Abin da tsohon yake so ya sani shi ne ko an riƙe ɗansa da hannun ƙauna.