Fuskar da Na Shafe da Baƙin Alƙalami

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Alhamis a Alƙahira ba. Duk sanda na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Ina shekarar farko a karatun addini, ɗakinmu ɗaya da wani ɗalibi ɗan Indiya mai sanyin hali. Ni kuwa ɗan karatun da na samu ya hau mini kai, komai na gani sai na yanke masa hukunci. A saman gadonsa ya manna wani tsohon hoto na kogon da aka fafe cikin dutse, cike da gumaka, wasu sun tanƙwashe ƙafa, wasu da hannuwa barkatai. Ya taɓa gaya mini a garinsu ne, mabiya Buddha da Hindu da Jain suka sassaƙa tun zamanin da, kowa da ɗakin bautarsa. Ya so ya ƙara bayani, na katse shi. "Khalas, ya akhi, ba na son zancen gumaka."

Ranar ya tafi kasuwar Ataba sayen bargo. Na ɗauko baƙin alƙalami, kamar yadda muke yi wa hotunan littafi, na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya na shafe, har da wata 'yar ƙarama a gindin ginshiƙi. Ina yi ina ganin lada nake kwasa.

Da ya dawo, ya daɗe tsaye gaban bangon. Sannan ya ɗora yatsa a kan ƙaramin tabon.

"Wannan ba dutse ba ne," ya ce. "Babana ne."

Ashe mahaifinsa Musulmi ne, mai sharar kogon. Wani baƙo ya ɗauki hoton ya aiko musu, kuma mahaifin ya rasu ba shi da wani hoto bayan wannan. Washegari na kai wa masu gyaran hoto a Wustul Balad, suka ce tawadar ta riga ta ci takardar.

"Ma'alish," wato ba komai, kawai abokin ɗakina ya ce mini. Wallahi da marina ya yi da na fi samun sauƙi. Ya mayar da hoton inda yake, kullum bayan salla ina ganinsa yana kallon baƙin tabon nan yana yi wa mahaifinsa addu'a.

Tun daga ranar, in mutum ya fara yi mini bayani, nakan kama bakina da hannuna har ya kai aya.