Man Tarakta a Motar Tsere

Jama'a, man giya ya sa an kulle min miji yau!

Wani matashi ya tsaya garejinsa a Tudun Wada da jar motar tsere, giyarta na yoyo. Malam, mijin nawa, kuwa tarakta ya saba gyarawa. Ya ɗura mata man tarakta a akwatin giya, ya ƙara a mahaɗar tayoyin baya. Giya ta ƙi shiga, sai gurnani!

Matashin ya ce, "Baba, kowanne da nasa man! Ka kashe min mota!" Ya kira 'yan sanda.

Na ce, "Ku sake shi, ni zan nemo man." Suka ce sai mota ta tashi.

Wallahi ban san sunan man ba! Wanda ya sani ya taimake ni. Gobe da sassafe zan hau motar Kano, da hotonta a wayata.