Motar da Ta Ƙi Cika

Daga Ikara, inda aure ya kai ni, zuwa ƙauyenmu da ke bayan Hunkuyi ba wata tafiya ba ce da a miƙe ake yin ta. Sai dai babu motar da ke yin ta a miƙe. Sai ka bi ta Makarfi ka faɗa babban titi, ka shiga Zariya, ka sake mota zuwa Hunkuyi, daga nan ɗan acaba ya ƙarasa da kai. Wanda ya fita da hantsi kuma ya yi sa'a, kafin azahar ya isa. Na yi wannan tafiya ba adadi, da ciki da goyo, ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda take ba sai bayan rasuwar Inna.

Inna 'yar Likoro ce. Takan ba mu labarin jirgin ƙasa da ke tsayawa a garinsu tana yarinya, yadda suke kai wa fasinja dafaffiyar gyaɗa da rake, da yadda ba ya jiran kowa. "Ko hakimi ne ya makara, sai dai ya ga hayaƙi," in ji ta. Mu da muka taso layin dogon kawai muka tarar, jirgin kuwa sai a daɗe ba a ji kukansa ba. Abin da muka sani shi ne mota, ita kuwa mota ba ta da lokaci. Lokacinta shi ne sa'ad da ta cika.

Ranar da nake son ba da labarinta cikin bazara ne. Ina tankaɗe da safe Yaya ya kira ni, babban wanmu, wanda Inna take zaune a gidansa. Ya yi gaisuwa har ƙarshe, ya tambayi maigida da yara da zafi, sannan ya ce, "Jikin Inna ya ɗan matsa tun jiya. Tana ta cigiyarki. In da hali ki taho yau."

Yaya ba mutum ne mai cewa "yau" ba. Na ajiye rariya, na aika fadama aka kira maigidana daga wurin ɗiban tumatir. Ya zo da taɓo a ƙafa, ya ɗauke ni a babur zuwa tasha.

Ranar kasuwar Makarfi ce. A bakin tasha akwai wata a-kori-kura da aka danƙara wa buhunan barkono, direban har ya tayar, kuma akwai wuri a gaba. Maigida ya ce, "Ki bi wannan zuwa Makarfi. Yau kasuwa, a can motar Zariya ba ta wuya."

Ni kuwa na riga na hango ƙaramar motar da ke kan layi a cikin tasha, irin mai cin mutum shida, biyu gaba huɗu baya. Mutum huɗu na zaune a ciki, ɗan kamasho yana buga bayanta yana ihu, "Zariya! Zariya! Saura biyu!" Na ce, "Wannan kai tsaye za ta, ga shi ta kusa cika. Wa zai sauka a Makarfi da rana ya hau neman wata?" Ya duba, ya ce gaskiya ne. Shi manomi ne, duk inda za shi babur ɗinsa ke kai shi, bai san tasha ba fiye da yadda na san ta. Ya biya, ya ce in gaishe da Inna, ya koma wurin ma'aikatansa. Ina zama a-kori-kurar ta wuce ta gabanmu tana rangaji.

Waɗanda na tarar a ciki samari uku ne a baya da wani tsoho a gaba, da carbi a hannunsa. Suka matsa suka ba ni wajen ƙofa. Ɗan kamasho ya sake murya, "Saura ɗaya! Mutum ɗaya mu tashi!" Na ji sanyi a raina.

Ba a jima ba wata mata ta zo, malamar firamare ce 'yar Kudancin Kaduna da ke koyarwa a Ikara, da jaka a kafaɗa. Na ce alhamdu lillahi, mun cika. Tana zama sai ɗaya daga cikin samarin ya dafa aljihu ya ce ya manto saƙo a gida, ya fita. Ɗan kamasho bai ko waiwaye shi ba, ya ci gaba da "Saura ɗaya!" Can kuma wani magidanci ya zo rungume da injin ban ruwa da zai kai gyara. Aka cusa injin a but, ya shigo. Saurayi na biyu ya ce bari ya kama ruwa. Har yau bai dawo ba.

Rana ta ɗaga. Motar ta zama kamar tanda, kujera tana ƙona mutum ta cikin zane. Direban yana kwance kan benci a gindin dalbejiya, ya rufe fuska da hula. Na yi ta kallon bakin tasha ina roƙon Allah ya kawo mutum ɗayan nan.

Sai wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Ya ce, "Ga ta, ki yi magana da ƙarfi." Na ji numfashi, na ji motsin tabarma, sannan muryar Inna, ƙanƙanuwa kamar ta fito daga rijiya.

"Kin taso?"

"Ina cikin mota, Inna."

"To madalla. Ashe kin kusa."

Na buɗe baki in ce mata motar ba ta tashi ba, ban iya ba. Na ce, "Na kusa, Inna." Ta fara wata magana, layin ya ɗauke. Na kira, na sake kira, ba sabis. Na sa bakin mayafi na rufe fuskata.

Malamar ta dafa ni ta tambaya, na gaya mata. Tsohon da ke gaba ya daina jan carbi. Ya juyo, bai kalli idona ba, ya ce, "'Yata, mahaifiyarki ce?"

"Ita ce, Baba."

"To bari in gaya miki, don Allah zai tambaye ni. Ni da wannan yaron ba matafiya ba ne. Zaman mota muke yi. Ana zaunar da mu don mai zuwa ya ga kamar ta cika ya shigo. In an sami fasinja, ɗayanmu ya tashi. Ba ɗaya ya rage ba, uku ne."

Ban taɓa jin haka ba sai ranar. Malamar ta ce, "Yesu!" ta buɗe ƙofa ta fita. Mai inji ya ce shi dama ya yi zargi, don bai taɓa ganin mai tafiya Zariya da silifas wari da wari ba. Saurayin da ya rage ya dubi ƙafarsa, ya fice sumsum.

Ɗan kamasho ya iso yana huci. "Haba Baba! Kai da muke rufa wa asiri kake ɓata mana lodi?"

"Rufa wa kanka," in ji tsohon. "Ina tuƙa babbar mota a kan hanyar nan kana tsotson yatsa. Ido ne ya mutu, ba zuciya ba."

"Ido ya mutu amma yana ganin na goro."

"Na goron naka riƙe abinka yau. Je ka tayar da wancan malalacin."

Malamar ta riga ta isa wurin direba. Ina jiyo ta tana cewa, "Direba, kana barci, uwar mutum tana kan gado tana jiran ta? Ba ka da uwa ne?" Ya tashi zaune, ya saurara. Ba zan ce mugun mutum ne ba. Ya zo har bakin ƙofa ya ce mini, "Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Amma tun da mai ya yi tsada, in na tashi da kujera uku ba kowa, gara in kwana a nan. Motar ma ba tawa ba ce." Wani direba da ke bayansa a layi ya ce shi yana da uzuri a Zariya, zai kwashe mu a yadda muke. Nan take 'yan ƙungiyar direbobi suka taso masa, wai ba layinsa ba ne, in ya ɗauki ko mutum ɗaya ya bar tashar ke nan. Ya ɗaga hannu ya koma ya zauna.

Na fita bakin titi ko zan ga wata mai zuwa Makarfi. Babu. Duk motar da ke da ƙafa ta tafi kasuwa tun da safe.

Daga ƙarshe Allah ya kawo wani ɗalibi. Malamar da mai inji suka haɗa da abin da ke hannuna muka biya kuɗin kujera ɗaya, tsohon ya tsaya a kan direba har ya yafe ɗayar. Sai da aka tura motar ta tashi. Tsohon ya biyo mu har bakin tasha yana lalube da sanda, ya ce, "Allah ya sa ki same ta, 'yata." Muna fita gari aka fara kiran azahar.

Hanyar Ikara zuwa Makarfi na san ta, amma ranar ce na ƙare mata kallo. Kwalta ta ɓaɓɓake wuri-wuri, direba yana bin gefe yana kauce wa ramuka kamar mai tsallake kwata. Inda kwalbati ya karye an sa reshen itace a tsakiya don a sani. A Makarfi muka tarar da motocin rake da na hatsi sun cushe titi, masu amalanke da 'yan acaba kowa na neman wurin kutsawa, babu mai ba da hannu. Na ga a-kori-kurar da na ƙi shiga, an sauke barkonon tuni, direban yana cin rake a inuwa. A gefenta motocin Zariya suna cika suna tashi. Na kau da kai.

A babban titi aka tsayar da mu a shinge, aka sake tsayar da mu a wani. Malamar ta ba ni ruwan leda, ta ce in sha ko ba na so. A Zariya ita ta tsayar mini da keke mai ƙafa uku, ta gaya wa mai shi tashar da zai kai ni, ta riƙe hannuna ta ce za ta sa Inna a addu'a. Ban tambayi sunanta ba. Na sha neman ta da ido a Ikara ban ƙara ganin ta ba, wataƙila an yi mata canjin wurin aiki.

Motar Hunkuyi ina shiga ta cika. A hanya sabis ya dawo, na kira Yaya. Matarsa ce ta ɗauka. Na ce yaya jikin, ta ce, "Da sauƙi. Ki dai taho a hankali, kar ki tayar da hankalinki." Na ji muryoyin mata da yawa a bayanta. A wajenmu ba a gaya wa wanda ke kan hanya rasuwa, ana jira sai ya sauka. Na san wannan sarai, ni ma na taɓa gaya wa wata "da sauƙi" a waya. Amma na karɓi maganar yadda aka ba ni, na riƙe ta har Hunkuyi.

An sauko daga sallar la'asar na sami ɗan acaba, magidanci ne mai furfura a gemu. Muka bar kwalta muka kama burji, ta cikin gonakin da aka share ana jiran ruwa. Mun hango rimin bakin garinmu ke nan sai ya rage gudu, ya gangara gefe, ya kashe inji.

"Hajiya, jana'iza ce. Bari su wuce. Allah ya jiƙan musulmi."

Na sauka na tsaya a bayan babur. Maza ne da yawa suka fito daga gari da makara a kafaɗa, suna sauri, ana karɓa ana sakewa. Ba mai magana, sai ƙarar takalma. Na ga liman. Na ga mijin ƙanwata. Sannan na ga Yaya a gaba ta hannun dama, ya ƙi sakin kafaɗarsa ga kowa. Ya gan ni shi ma. Bai tsaya ba, don ba a tsayawa. Leɓensa dai ya motsa.

Suka wuce ta gabana, kusa ƙwarai, da na miƙa hannu da na taɓa. Ban miƙa ba. Daga baya Yaya ya gaya mini ana kiran azahar ta cika, kuma ya roƙi liman aka jira ni har la'asar, zafi ne ya hana a ƙara. Ya ce bayan wayar nan ta sa an juya mata shimfiɗa ta fuskanci ƙofa.

Ɗan acaba ya taka inji ya ce, "Mu je, Hajiya."

Na ce, "Innata ce."

Ya dube ni, ya dubi mutanen da ke nisa. Ya kashe babur ya jingine shi a jikin rimi, ya sauke mini jakata, ya yi salati. Ya ce, "Ki ƙarasa a hankali, ƙanwata. Ni zan raka ta." Ya tattare riga ya bi su da gudu.

Na shiga gari da ƙafa. Mata sun cika tsakar gidan Yaya, suka tashi za su riƙe ni, na ce su bari in shiga ɗakinta tukuna. An naɗe shimfiɗar an jingine. A bayan ƙofa, inda aka yi mata wanka, ƙasa ba ta bushe ba. Na zauna a wurin.