Hannun Ermelindo

Ermelindo mijin yayata Belmira ne, kuma tare muka yi aiki a jirgin Aníbal tun ina da gashi a ka. Daga Lajes muke tashi, mu nausa teku har dutsen Pico ya dushe a bayanmu, muna neman manyan kifayen nan masu mashi a baki. Ni inji nake dubawa. Shi igiya ce aikinsa.

Duk masunci ya san inda ake asarar babban kifi. A mahaɗa ne, wurin da siririyar igiyar da ke naɗe a faifai take haɗuwa da mai kaurin da ke riƙe da ƙugiya. Shi ya sa ake ninka ƙarshen siririyar biyu, a murɗa ta, a zura gwiwoyi a buɗe ninkin har murɗin ya hau kansa, a ɗaure, sannan a sarƙa ta da mai kaurin. Ermelindo a tsaye yake yin wannan, jirgi na tangaɗi, sigari a baki, yana kushe ƙungiyar ƙwallon da Aníbal ke so. Bai iya wata sana'a ba, bai kuma taɓa neman ya iya ba. Ko coci ya shiga, za ka ga yatsunsa na murza zaren rigarsa.

Rawar hannu ta fara masa ne daga babban yatsansa na dama. Wata safiya kofin gahawa ya yi ta ƙara a hannunsa, Aníbal ya ce, "Tsoho, giyar jiya ce ke gaishe ka?" Aka yi dariya har da shi. Amma likitan da ya gani a garin Horta ya gaya masa ciwon ba ya komawa baya, sai dai magani ya rage masa gudu. Ya sa Belmira ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Ni ma sai da na tarar da ita tana kuka a bayan gida na sani.

Babu abin da bai gwada ba. Ya sha maganin, ya ninka shi har ya riƙa jiri. Ya gwada kurɓar barasa da sassafe, hannun ya lafa na ɗan lokaci ya dawo da ƙarfinsa. Ya yi wa Allah alkawarin ciyar da unguwa miya da burodi ranar bikin Ruhu Mai Tsarki, ya kuwa cika. Ya kafa ƙusa a ƙofar kicin yana gwada ƙullin har la'asar, yana yi yana warwarewa, ƙasan ɗakin duk guntayen igiya.

Daga ƙarshe ya koya wa Belmira. Ita mai ɗinki ce, hannunta bai daɗe ba ya kama. Sai ya fara kwaso fayafayan jirgi zuwa gida, wai zai wanke musu gishiri. Ta rufe ƙofa ta zauna tana ɗaurawa, shi yana tsaye a kanta yana faɗa: ƙara murɗi, jiƙa da yawu, kada ki sassauta. Wani lokaci ya yi mata tsawa har maƙwabta su ji, sannan ya zauna a ƙasa ya kifa kansa a gwiwarta. A haka muka cinye bazara, ko ƙulli ɗaya bai zame ba.

Wata rana, kaka ta kusa, wani abu ya datse mana igiya da hantsi, ga kifaye na tsalle kewaye da jirgi. Aníbal ya ɗaga murya daga sama wurin tuƙi ya ce a sake ɗaurawa maza. Babu Belmira a teku. Ermelindo ya juya mana baya ya tsuguna. Na ga igiyar na tsalle a yatsunsa, ninkin ya kuɓuce, ya sake kamawa, ya sake kuɓucewa. Na matsa na ce a hankali, "Yaya, kawo in riƙe maka."

"Koma wurin injinka, Honorato."

Da haƙori ya ƙarasa, har leɓensa ya fashe. Ya jefa a ruwa.

Ba a jima ba kifi ya kama, irin wanda mutum zai shekara bai gani ba. Aníbal da kansa ya sauko ya zauna a kujerar jan kifi, ya kama sandar, ya yi ta fama da shi har rana ta take. Ermelindo na manne da gefen jirgi, bakinsa na motsi, na san addu'a yake. Sai da muka fara hango shuɗin bayan kifin a ƙarƙashin ruwa, sandar ta miƙe sambal, kifi ya tafi.

Aníbal ya naɗo igiyar. Igiya in tsinkewa ta yi, bakinta a yanke yake fitowa. Wannan ta fito a lanƙwashe kamar jelar alade, alamar ƙulli ne ya zame. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce wa Ermelindo ya miƙo hannunsa. Ya ƙi. Ya sake cewa. Da ya miƙo, Aníbal ya ga abin da ake ɓoye masa.

A hanyar komawa Ermelindo ya yi ta roƙo. Ban taɓa jin ya roƙi mutum ba sai ran nan. Ya ce zai wanke jirgi, zai yanka abin sa wa ƙugiya, zai dafa gahawa, ko me aka ce. "Maigida, kada ka ajiye ni a tudu. Ban san abin da ake yi a can ba." Aníbal bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce wanda ba zai iya riƙe ƙarfen gefen jirgi ba in igiyar ruwa ta taso, faɗawa teku zai yi, shi kuma ba zai kai wa Belmira wannan labarin ba.

Bayan 'yan kwanaki Belmira ta zo tashar jirage da gudu ba takalmi. Ta ce Ermelindo ya kwance ƙaramin kwalekwalen maƙwabcinsu ya fita shi kaɗai. Jirage suka bazu nema. Mu muka same shi da yamma, can kudu, inji a kashe, ruwa na tafiya da shi. Yana zaune igiya ta nannaɗe masa ƙafafu, yatsunsa duk jini. Ko ƙugiya bai jefa ba. Da na tsallaka wurinsa bai ɗago ba, ya ce, "Sau ɗaya kawai nake so ƙullin ya zauna." Na zauna kusa da shi, Aníbal ya ja mu zuwa gida.

Daga baya Aníbal ya tambaye ni wa ya yi ta ɗaura igiyoyin duk bazara. Na gaya masa. Yanzu shi da wasu masu jirage suna kawo wa Belmira fayafayansu ta ɗaura su biya, tana kuma karɓa, don ba su da wata hanyar ci. In ya ji motarsu ta tsaya, Ermelindo yakan fita ta ƙofar baya ya hau tudu wurin shanun ɗan'uwansa, ba ya saukowa sai sun tafi. Ciwon ya kama hannun hagu ma. Belmira ce ke ɓalla masa maɓallan riga.