Sunan Ɗan Fari

A gidan da na yi aure a Wurma, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, haka na tashi na tarar. In zan yi maganarsa sai in ce "yaron nan", in baƙi sun zo in kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Surukata, wadda muke kira Inna, ita ta ɗauke shi tun da aka yaye shi, tana kuwa yabon kunyata har a gidan biki.

Shi ma yabonsa ake yi. Ba ya kallon idon manya, ba ya shiga cikin yara, sai ya wuni a gindin rumbu yana jera tsakuwa. Kowa ya ce ya gaji kunyar uwarsa. Maganar da ya ƙi yi kuwa, aka ce baffansa ma bakinsa bai buɗe da wuri ba. Ni dai raina bai kwanta ba, amma in na nuna damuwa a ce na zubar da mutunci a kan ɗan fari.

A lokacin, abin da na sani na ƙaramar hukuma bai wuce masu rigakafi ba. Cikinsu ne wata malamar asibiti daga Kurfi, doguwa mai surutun tsiya, ta shigo gidanmu. Ta gama ɗiga wa yara magani, sai ta tsaya kallon yaron nan. Ta tafa hannu a bayansa, ya toshe kunnuwa. Inna ta kira shi, ko gezau bai yi ba. Sai malamar ta juyo gare ni.

"Ke ce uwarshi? To kira mani sunanshi in gani."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce mata ɗan fari ne. Ta ce ita ma 'yar ƙasar nan ce, ta san alkunya, amma yaron yana bukatar a duba shi. Na ji haushinta ƙwarai, na ce a raina wannan mata ta cika shisshigi.

Ba ta yi zuciya ba. Ta dawo ta sami maigidana, ta gaya masa asibitinsu ba shi da likitan da ke tantance irin wannan, amma aikinsu ne su gano, su tura gaba, su kuma bi sawu. Ta haɗa mu da ofishin walwala na sakatariya, ta raka mu Katsina da ƙafarta. Likita ya ce sunan abin otizim. Ba aljanu ba ne, ba kurumta ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne. Allura ba ta maganinsa, sai koyarwa da haƙuri. Ya ce kullum wani na jikinsa ya durƙusa daidai fuskarsa, ya kira sunansa, ya yi ta yi masa magana. Gwiwoyin Inna sun daɗe da ƙin durƙuso, maigida yana gona, saura ni.

Muka dawo gida na kasa. Malamar takan leƙo in aiki ya kawo ta, ta tambaye ni ko na fara, in yi ta kame-kame, ta tsokane ni ta tafi. Har gobe ina sa ta a addu'a, don ba ta gaji da ni ba. Amma wadda ta kwance mini baki Inna ce. Wata rana da hantsi ta tarar da ni tsaye a kansa ina murza bakin zane.

"Kunyar nan don ni kike yin ta, ko? To na yahe maki. Kira ɗanki."

Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki, ta saki labule don kada in ga idonta.

Na durƙusa a gabansa na kira. Sai bayan damina ya fara waiwayowa, yanzu har yakan amsa in ya ga dama. Ranar dai ko kallona bai yi ba. Ni ce na yi ta kuka, don ban taɓa sanin sunan yana da daɗi haka a baki ba.