Shekarar da Miyata Ta Koma Lami

Ni mace ce da aka sani da girki a unguwarmu a Kazaure. Ba yabon kai ba, in ana suna ko biki ni ake kira in tsaya a kan tukunyar miya, kuma hannuna bai san rowar gishiri da dunƙulen magi ba. Maigidana direba ne, yana ɗaukar hatsi daga Babura zuwa tsallaken iyaka. A can ya koyi shan giya, kuma daga ni sai Allah muka sani.

Ranar da ya ce mini ya daina, har sujada na yi. Ban san akwai sauran aiki ba. Kwana kaɗan jikinsa ya kama rawa, gumi na zuba, barci ya ƙaurace masa, ya ce komai ya sa a baki ba ya jin ɗanɗanonsa. Ni kuwa, da wautata, na ce ai wannan fagena ne. Na dafa masa farfesun kayan ciki, na zabga gishiri da dunƙule, na dama kunun kanwa wai don ya sami ƙarfi. Safe da yamma haka nake ɗura masa. Wata safiya ya tashi zai yi alwala, ya dafe ƙeya ya zube a bakin rijiya.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta auna shi, ta ja ni gefe ta ce in faɗa mata gaskiya. Na faɗa, kaina a ƙasa. Ta ce wanda ya daɗe yana sha, in ya yanke farat ɗaya jininsa kan hau da kansa, ni kuma na bi shi da gishiri da kanwa na ƙara tunzura shi. Ta ce saura ƙiris ɓarin jikinsa ya shanye. Suka riƙe shi, suka ba shi magani, aka sallame mu da sharaɗin in janye hannuna daga gishiri. Wallahi na yi kuka, don da hannuna na so in hallaka uban 'ya'yana.

Wahalar gaske sai da muka dawo gida. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da kular abincinsa. Yayarsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta taso daga Roni da farfesun kaza. Na ɗanɗana, na ji gishiri har ka. Na durƙusa na ce Yaya ta yi haƙuri, ba zai ci ba saboda hawan jini. Ta ce hawan jinin me ga yaron da ko furfura bai fara ba, ta buɗe tukunyata ta lasa, ta ce da wannan ruwan lami nake kashe mata ƙane. Magana ta zaga dangi har Gwiwa, wai na zama marowaciya, wai girkin ma dama suna ne kawai. Kalma ɗaya za ta wanke ni, amma ita ce za ta tona masa asiri. Na haɗiye. Na koma ga daddawa kaɗan, citta, tafarnuwa da masoro, ni da yara muna cin abin da yake ci don kada ya ji an ware shi.

Da Yaya ta dawo karo na biyu, da niyyar tafiya da shi Roni ta yi jinyarsa da kanta, sai maigidana ya zauna a gabanta ya faɗa mata komai da bakinsa. Ya ce giya ya sha shekara da shekaru, kuma matar da take zagi ita ta rufa masa asiri. Yaya ta tashi ta koma Roni ita kaɗai. Ran kasuwa sai ga kula daga Roni. Na buɗe na lasa, babu gishiri ko ƙwaya.

Yau ya koma tuƙinsa, bai sake sha ba, kuma ina alfahari da wannan miyar lamin fiye da duk wadda aka taɓa yaba mini. 'Yan'uwana mata, in naku ya yi niyyar dainawa, kada ku yi jinyarsa a ɗaki don jin kunya, ku kai shi asibiti a auna jininsa. Ku kuma masu zuwa dubiya, in matar gida ta mayar muku da kula, ku yi mata uzuri, ba ku san abin da take rufewa ba.