Fangalin Bahabashiya a Lambun Baba

Jiya na bi ta Likoro, na tarar magada sun sayar da lambun Baba, har ana buga bulo a ciki. Ko arba'in da rasuwarsa ba a yi ba.

Duk baƙon da ya zauna a garin, sai tsohon ya yanka masa fangali ya shuka abincin ƙasarsu. Na taɓa ɗaga lauje kan wata ciyawa mai laushi, ya cafke ni da hannunsa mai kaushi. "Kai, tuwon wasu ne wannan. Bahabashiyar nan, matar direba, ita ta shuka."

Ita na samu tsaye a wurin, iri ƙulle a bakin mayafi. Ta ce, "Yaya, bana ina zan zuba?" Na sunkuyar da kai.

Allah Ya yalwata makwancinka, Baba.